Bargo a Tsakiyar Bazara

Malam Mamasoli ya shekara talatin da takwas yana koyar da lissafi a makarantar ƙauyensu da ke gefen garin Chust, amma in ka tambayi waɗanda suka bi ta hannunsa, ba lissafin suke tunawa ba. Zama suke tunawa. Mutumin nan zai iya yafe maka faɗuwa jarrabawa, amma ka zauna gaban shimfiɗar abinci ka miƙe ƙafa ta nufi gurasa, to ka taɓo tsuliyar dodo. Yakan ce gurasa ba ta da baki, shi ya sa ya zama dole wani ya yi mata magana. Shi kuwa ya naɗa kansa wakilinta, ba wanda ya roƙe shi.

Ko abokansa ba su tsira ba. Su goma sha biyu suka kafa zaman da ake kira gap tun suna samari, kowace Alhamis ta farkon wata a gidan mutum ɗaya, a ci dafa-dukar shinkafa da karas da naman rago, a sha koren shayi, a yi ta shaƙiyanci daga azahar har la'asar sakaliya. Wata shekara Ergash kafinta ya dawo daga aikin gini a Rasha, kwana huɗu a jirgin ƙasa, gajiya ta ci ƙarfinsa, ya jingina da bango ya saki ƙafarsa har ta kusa taɓa gefen shimfiɗa. Mamasoli ya ɗauki ludayi ya ƙwala masa a ƙwauri.

"Ladabin naka a Rasha ka baro shi, ko a tasha aka sace?"

Aka yi dariya har Turgun ya ƙware da shayi. Daga ranar abin ya zama karin magana a tsakaninsu. Duk wanda ƙafarsa ta yi sanyi ya so ya ɗan motsa, sai wani ya ce, "Kai, Malam na gani." Ergash kuwa bai taɓa barin zancen ya mutu ba. Shekara talatin yana ɗage wando yana nuna wani tabo da kowa ya san na faɗuwar keke ne, yana rantsuwa ludayin Malam ne ya yi shi.

Abotar tasu ta girmi gap ɗin. A ɗakin mahaifiyar Ergash ta fara, Inna Sharofat, zamanin da ba a kawo iskar gas ƙauyen ba. Kamar kowane gida, akwai sandali a tsakar ɗakinta: ɗan rami a ƙasa da ake zuba garwashi, gajeren tebur a bisansa, sai ƙaton bargon auduga da ya lulluɓe teburin ya zubo ta ko'ina. In dusar ƙanƙara ta rufe hanya, nan suke tattaruwa bayan makaranta, kowa ya cusa ƙafafunsa ƙarƙashin bargo har ƙugu, bayansu na shan ɗari, gabansu na gasuwa. Inna Sharofat ta ɗora musu gurasa da busasshen inabi a kan teburin, ta koma gefe tana kaɗi. A sama fuskoki salihai, ana rubuta aikin gida. A ƙasa kuwa yaƙi ake yi, shuri da mintsini da yatsun ƙafa. Mamasoli tun yana ɗan shekara tara ya fara nuna halinsa. Wata rana ya ce, "Inna, ai ƙafafunmu duk suna ƙarƙashin gurasa, ba laifi?"

Tsohuwar ta dube shi ta saman tabarau ta ce, "Ci abinka, ɗan liman. Abin da ke ƙarƙashin bargo, gurasa ba ta ganinsa."

Daga baya gas ya zo, kowa ya cike raminsa ya shafe da siminti, aka yi ta murna an huta da toka. Inna Sharofat ta rasu. Su goma sha biyun nan ma ƙasa ta yi ta ɗiba ɗaya bayan ɗaya har suka rage shida.

Shekara uku da suka wuce, Mamasoli ya hau tsani zai yi wa rumfar inabinsa aski. Matarsa Inobat ta ce ya jira ɗansu ya zo hutu, ya ce inabi bai san hutu ba. Tsanin ya zame. Ƙashin ƙwaurinsa na dama ya karye dab da gwiwa, har tsininsa ya huda fata. Ergash ne ya fara isowa, shi ne kuma ya hana a nufi asibiti.

"Waɗannan yaran na asibiti, kafin ka ce wash sun ɗauko zarto. Akwai maɗori a bayan kasuwa, shi ya ɗora min hannu, ga shi har yau ina aiki da shi."

Maɗorin ya ja ƙafar, ya shafe ta da gwaiduwar ƙwai da kitsen wutsiyar rago, ya ɗaure da 'yan katakai, ya ce kada a kwance sai bayan kwana arba'in. Ba a kai ashirin ba wari ya kori mutane daga ɗakin. Da aka kwance, mugunya ce ta fara yi musu maraba.

Daga nan aka shiga zaryar asibitin birni. Aka wanke, aka kankare, aka sa ƙarfe, aka cire ƙarfe, allurai kuwa har ya rasa inda ba a soka ba. Ciwon ya lafa wata biyu, sai ya sake ɓullowa ta wani ɗan rami a ƙasan gwiwa. Ƙashin ya ƙi haɗuwa. Shekara biyu cif Mamasoli yana kwance yana kallon rufin ɗaki, kuma abin mamaki, ba azuzuwan da ya koyar yake gani ba, ba ranar aurensa ba. Ɗakin Inna Sharofat yake gani, da ƙamshin garwashi da na ulun safa da ya ji wuta.

A ƙarshe wani likitan ƙashi, yaro ne da bai fi sa'ar ɗansa ba, ya ɗaga hoton ƙafar ya nuna masa da biro.

"Baba, ba zan ɓoye maka ba. Ciwon ya ci kan ƙashin ƙwaurin, ya shiga cikin gwiwar ya lalata ta. Hanya biyu ta rage. Ko mu yanke daga cinya, ko mu cire duk inda ya ruɓe, mu haɗe ƙashin cinya da na ƙwauri su manne su zama ƙashi ɗaya."

"Zan taka?"

"Za ka taka, ba kuma ciwo, in Allah ya so. Za ta ɗan gajarta, sai a ƙara wa takalminka tudu."

"Zan lanƙwasa ta?"

"A'a, Baba. Gwiwar ta tafi ke nan."

Mamasoli ya ce, "To yaya zan zauna?"

Likitan ya yi murmushi, ya zaci wasa ne. "Ai akwai kujera."

Inobat ta harari mijinta. "Baban yara, ana maganar ceton ƙafa kai kana maganar zama? Likita, rabu da shi, ku yi aikinku."

Aka yi aikin. Wata bakwai yana ɗauke da zobban ƙarfe da tsinkayen da suka ratsa ƙashi, Inobat na goge bakin kowane tsinke safe da yamma. Wannan karon Allah ya amsa. Ramin ya rufe, ƙashi ya kama, aka cire ƙarafan. Mamasoli ya miƙe a kan ƙafarsa, madaidaiciya kamar taɓarya, yana jefa ta daga ƙugu in zai yi tafiya. Salla ma ya samo mata dabara, yana zaune yana nuni, ya san Ubangiji ya san uzurinsa.

Gap na farko bayan warkewarsa a gidan Turgun ya faɗo, wanda shi ne shugaban zaman. Mamasoli ya sa sabuwar hula, ya tafi da farin ciki kamar ango. Aka rungume shi, aka kai shi mazauninsa na kullum, can ƙurya daura da ƙofa, wurin manya. Mutum biyu suka riƙe shi ya sauka kan katifa. Sai ga ƙafar ta tafi sambal, ta haye shimfiɗar abinci, dunduniyarsa ta tsaya tsakanin kwanon inabi da tulin gurasa.

Ɗakin ya yi tsit. Ya jira wani ya ce "Malam na gani." Wallahi da an faɗa da ya yi dariya har da hawaye, da an wuce wurin. Ba wanda ya faɗa. Ergash, mutumin da ko a jana'iza sai an tsawata masa, ya sunkuyar da kai, ya sa hannu biyu ya janye gurasar gefe a hankali.

Suka yi ta ƙoƙari, ba a ce ba su yi ba. Aka juya shi gefe, sai ya zamana ya ba Turgun baya. Aka mai da shi bakin ƙofa, mazaunin yara, ƙafar na leƙa waje, surukin gidan ya shigo da tiren shinkafa ya yi tuntuɓe da ita. Aka kawo kujera. Ya hau, ya ga kansa a sama, abokansa a ƙasa, gurasa a ƙarƙashin tafin ƙafarsa, ana miƙo masa shayi sama kamar alƙali. Kowa na yi masa magana a tausashe, "Malam a ƙara nama?", "Malam ba ka gaji ba?" Bai kai la'asar ba ya ce kansa na ciwo.

Wata na gaba Turgun ya aiko, Mamasoli ya ce mura yake yi. Wanda ya biyo baya ya ce yana da baƙi. To gap ɗin yana da doka, kuma Mamasoli da kansa ya kafa ta shekara arba'in da ɗaya da suka wuce: wanda ya ƙi zuwa sau uku a jere ba ciwo ba tafiya, a naɗe katifarsa. Sun taɓa naɗe ta wani daga cikin waɗanda suka rasu, Mamasoli ne ma ya fi kowa tsayawa a kan a yi.

Ana saura kwana biyu Alhamis ta uku, Inobat ta same shi ƙarƙashin rumfar inabi, kan gadon katako, ƙafar na fuskantar katanga. Ko a gida haka yake cin abinci yanzu, shi kaɗai, ya ba shimfiɗa gefe.

"Jibi fa a gidan Ergash ne."

"Na sani."

"Wace ƙaryar ka tanada? Mura ta ƙare, baƙi sun tafi."

"Uwar yara, ki bar ni."

"Ba zan bar ka ba. Wata bakwai ina goge tsinkayen nan don ka tashi ka shiga mutane, ba don ka zauna kana gadin katanga ba. Girman kai rawanin tsiya ne, Baban yara."

"Ba girman kai ba ne." Ya dubi ƙafarsa. "Shekara arba'in ina dukan ƙafafun mutane. Yanzu in je in ɗora tawa a kan gurasarsu, su kuma su yi kamar ba su gani ba? Ba ki ga yadda Ergash ya janye ta ba. Kamar yana gyara likkafani. Gara su naɗe katifar, su riƙa tunawa da ni yadda nake."

Inobat ta koma cikin gida. Da rana ya ɗan kishingiɗa barci ya ɗauke shi, cikin magagi ya ji kamar ana jan zare daga ƙugunsa zuwa dunduniya. Ya buɗe ido ya ga ta tana cusa wani abu a aljihu. Ta ce wando za ta ɗinka masa.

Ranar Alhamis zafi ya kai inda ya kai. Tsakiyar kwanaki arba'in mafi zafi ne na bazara, lokacin da ko kare ba ya fita da azahar. Sai ga tsohuwar motar Ergash a ƙofar gida tana tari. Ya shigo ba sallama ta kirki, rigarsa jiƙe sharkaf.

"Tashi mu tafi."

"Ba ni da lafiya."

"Ni ma haka. Dukkanmu ba mu da lafiya, sanyin ƙafa ya kama mu. Tashi, in ya so a naɗe katifar taka a gabanka, ai dokarka ce, ya kamata ka shaida."

Wannan ita ce magana mai ƙaya ta farko da Ergash ya yi masa cikin shekara uku. Wataƙila shi ya sa ya tashi. Ya shiga kujerar baya a gicciye, ƙafar na kwance a kan kujera har suka isa.

Ba ɗakin baƙi Ergash ya nufa da shi ba. Ya bi da shi ta bayan gida, ya wuce tanderu, zuwa tsohon ɗakin ƙasa da ya daɗe da zama ma'ajiyar katako. A bakin ƙofa an tara fasassun siminti. Mamasoli ya sunkuya ya shiga, sai ya tsaya cak.

An share ɗakin Inna Sharofat tas. A tsakiya ga tebur gajere, sabon katako, ya fi na da faɗi. Ga bargon auduga mai jajayen furanni da suka koɗe, shi ne dai, har da ƙunar nan ta gefe da Turgun ya yi masa yana ɗan aji uku. Gurasa da busasshen inabi a sama. Tsofaffi huɗu kuma suna zaune kewaye, lulluɓe har ƙugu, gumi na bin gemunsu yana ɗiga.

Turgun ya share goshi da hula ya ce, "Rufe ƙofa, Malam, kana shigo mana da ɗari."

"Kun haukace ne?"

"Tsufa ne," in ji Holmat, wanda ya fi su ƙiba, fuskarsa ta yi jawur. "Ni tun safe yatsuna ba sa motsi. Don Allah zauna a kawo abinci kafin in narke."

Suka kama shi suka zaunar da shi a ƙurya daura da ƙofa. Ergash ya ɗaga bargon, ƙafar ta shige. Ba garwashi a ramin, haukan nasu bai kai nan ba. Ƙafar ta ratsa ƙarƙashin teburin, dunduniyar ta sauka a kan wani ɗan matashin kai da aka kafa da ƙusa a can ɗaya ɓangaren, daidai wa daida, ko yatsa ɗaya bai ragu ba. A nan ya gane wandon da Inobat ke ɗinkawa. Aka sauke bargo. Ya dubi kansa, ya dubi sauran. Daga ƙugu zuwa sama, tsofaffi shida ne zaune gaban gurasa, ba wanda ya fi wani.

Ergash ya zauna daura da shi, inda dunduniyar take. Ya zuba shayi a ɗan kofi, ya mayar cikin buta sau uku kamar yadda ake yi, bai ɗago ido ba.

"Kwana tara na yi ina fasa simintin nan. Ni na shafe shi da hannuna, ban san na iya aiki haka ba." Ya miƙa wa Mamasoli kofin. "Ni na kai ka wurin maɗorin nan. Kullum in na ga ƙafar nan sai in ji bakina ya mutu. Ka yafe min."

Mamasoli ya karɓi shayin. Shekara uku yana zaton tausayi ne ya rufe bakin Ergash, bai taɓa kawo wa ransa kunya ba ce. Ya so ya ce shi ma ai da bakinsa ya yarda, ya so ya ce tsani ne da ƙaddara. Abin da ya fito shi ne, "Ta wuce, Ergash."

"Ta wuce?"

"Na ce ta wuce."

"Madalla." Ergash ya ja dogon numfashi, ya goge ido da bayan hannu. Can sai hannunsa ɗaya ya ɓace ƙarƙashin bargo. Mamasoli ya ji an kama babban yatsansa an murɗe da ƙarfi.

"Wayyo! Kai, ɗan banza!"

"Jama'a ku shaida," in ji Ergash, fuska a ɗaure. "Wani ya ɗora min ƙafa a cinya gaban abinci. Ladabin nasa a asibiti ya baro shi, ko likitoci ne suka haɗa da gwiwar suka cire?"

Ɗakin ya fashe. Holmat ya yi ta dukan tebur, Turgun ya ƙware da shayi kamar yadda ya ƙware shekara talatin da suka wuce. Mamasoli ya yi dariya har haƙarƙarinsa ya yi ciwo, hawaye da gumi suka haɗu a gemunsa, bai damu ya share ba. Ya lalubo da ƙafarsa ta hagu, mai lafiyar, ya auna inda yake zaton ƙwaurin Ergash yake, ya sakar masa shuri.

Holmat ne ya yi ƙara.

"Ni me na yi?"

"Ka kai masa," in ji Mamasoli.

Aka kawo shinkafa, suka ci da hannu daga faranti ɗaya, suna gumi kamar masu noma. Aka tuna Inna Sharofat aka yi mata addu'a, aka kira sunayen shidan da suka riga mu gidan gaskiya ɗaya bayan ɗaya, har da inda kowannensu yake zama a jikin bargon nan. Wajen la'asar Turgun ya gyara murya ya ce saura a faɗi mai karɓar zaman wata mai zuwa, ya dubi Mamasoli.

"Kai ne, in har kana ciki."

Mamasoli ya gutsuri gurasa, ya tsoma a shayi, ya tauna a natse kamar mai nazarin lissafi.

"Ɗakin mahaifiyata ma akwai rami," ya ce. "Ergash, gobe da safe ka zo da gudumarka. Ka kuma zo da wuri, kafin Uwar yara ta gane kafet ɗinta za mu ɗaga."